Ladan Ranar da Babu Iska

A bakin turmi na san ta. Shekarar da mijina ya tafi arewa neman kuɗi aka dawo mini da labarin rasuwarsa, na gama takaba na ɗauki taɓarya na shiga bin masussukan da ke gefen Tanut, inda 'yan kasuwa ke tara dammunan hatsi bayan kaka. Turmin da aka nuna mini akwai mace a kansa, doguwa mai wushirya, 'yar wani ƙauye ta wajen Ollelewa. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan hannun na lalle ne. Tsaya can. In na ɗaga ki sauke, kada ki fasa mini goshi, ina da masu jirana a gida." Tun daga ranar ba ta fasa yi mini tsiya ba, ni kuma ban sake samun ƙawa kamarta ba.

Aikin sussuka ba shi da wuyar ganewa. A kwance dami, a zuba zangarniya a turmi, a daka har tsaba ta rabu da ƙaiƙayi. Daga nan sai jiran iska. In ta taso, mace ta ɗaga ƙwarya sama da kanta ta riƙa zubowa a hankali, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta sauka a tabarma. Lada kuwa a kan tsabar da aka auna da yamma ake biya, da tiya, wato kwanon awo, hatsi a hannu, mace ta kai gida ta ɗora tukunya. Ranar da iska ta ƙi, an yi daka tun safe, an zauna ana kallon ganyen aduwa har la'asar, sai a tashi hannu wofi. Abin da aka daka yana nan a tare, gobe ko jibi a shiƙe a biya, amma yunwar yara ba ta san gobe ba. In kuma mace ta kwana da ciwon kafaɗa ba ta fito ba, wadda ta shiƙe ita ke ɗaukar ladan duka. Haka muka tarar, haka aka yi mana, ba mu taɓa jin wani ya kira shi da wani suna ba.

Ni ban ci ladana duka ba. Kullum ina rage kaɗan in zuba a tulu, ko da za mu kwana da kunu. Da bazara, lokacin da hatsi ya yi tsada, sai in hau motar kasuwa zuwa Belbeji ko Tarka, inda makiyaya ke ba da akuya don su sami abin dakawa. In kiwata akuyar, in sayar gab da salla, in sayi dami da kaka. Na sha ce wa ƙawata mu haɗa. Takan ce, "Ke bakuna nawa gare ki? Hatsi ba ya kwana a gidana, ko ɓera ya daina zuwa." Gaskiyarta ne. Mijinta ido ya mutu masa da wuri, ga nata yaran, ga marayun ƙanwarta.

Da tafiya ta yi tafiya na sami filin kaina, na kewaye shi da zana, na sa turame. Amalanke ke kawo mini dami daga ƙauyuka, kamiyo, manyan motocin kaya, ke kwashe buhuna zuwa Agadas. Ita ce mace ta farko da ta shigo aiki a filina, ba tare da na kira ta ba. Ta ajiye taɓaryarta ta ce, "Tun da dole a cuce ni, gara wadda na sani."

Kowace rana in rana ta take, mai fura takan kawo mana, a dama da nono a ƙwarya ɗaya, mu koma gindin aduwar da ke kusurwar fili, ludayi ɗaya muna miƙa wa juna. Wannan zaman shi ne abin da nake da shi. Ɗana yana Yamai, 'yata tana aure a Damagaram, waya ce tsakaninmu. 'Yan kasuwar hatsi maza ne, suna gaishe ni da girmamawa, amma mace ba ta zama a majalisarsu ta sha shayi. Matan gari kuwa tun da na je Makka na zama Hajiya, in na shiga gidan suna sai hira ta canja, kowa ta gyara zama, wata ta fara lissafin abin da za ta roƙa. Mutum ɗaya ce ta rage a Tanut da ke kirana da sunan da uwata ta sa mini, take gaya mini na yi ƙiba kamar buhun da aka cika da ƙafa.

A gindin aduwar nan nake ba ta labarin kasuwa. Akwai ƙa'idar da na riƙe tun ina sayen dami ɗaya ɗaya: in na je gidan manomi ciniki, ba na shan furarsa sai ciniki ya faɗa. Za a kawo, in yi godiya, in ture gefe. Wanda ya sha na mutum ba ya iya kallon idonsa ya ce masa a'a, kuma ko ya iya, waɗanda suka aiko shi ba za su yarda ya iya ba. Na faɗa mata wannan ba sau ɗaya ba, ina alfahari da shi. Takan ce, "Shi ya sa ba ki da kowa sai ni."

'Yan fim sun zo wata kaka da hatsi ya yi kyau. Mata biyu ne da namiji mai riƙe kamara. Shugabarsu yarinya ce ba ta fi 'yata ba, Hausarta ta mutanen yamma, tana da ladabi, tana kuma da naci. Ta ce fim ɗinsu ba na wasa ba ne, mutane suke ɗauka a cikin aikinsu na gaske, kuma a kan mata masu aikin ƙarfi suke yi: sun ɗauki masu fasa tsakuwa, da masu jan ruwa a rijiya mai zurfi, da masu shara a tasha, yanzu suna son masu sussuka. Na tambaye ta abin da zan samu. Ta ce babu. Na ji daɗin amsar, don wanda ya ce maka babu bai zo da wayo ba. Duk da haka na so in ƙi, sai ƙawata ta ɗago daga turmi ta ce, "Bar su mana. Jikokina su gan ni a tele kafin in mutu. Ke in kina jin kunyar tumbinki ki ɓuya bayan buhu."

Sun jima tare da mu har mata suka daina gyara ɗankwali in kamara ta juyo. Sun ɗauki lugude da waƙa, sun ɗauki jariri kwance a inuwar kwando, da idanun da ƙaiƙayi ya mayar ja. Aka yi kwanaki iska ta ɗauke ɗif, suka ɗauki wannan ma: mata zaune a rana kusa da tarin da suka daka, sannan suna fita ɗaya bayan ɗaya da ƙwarya a kife. Yarinyar ta zaunar da ni gaban buhuna ta tambaye ni me ya sa ba a biya su ba. Na ce mata, "'Yar nan, iska ba tawa ba ce. Ni ma haka aka yi mini." Ta ce, "Lokacin da aka yi miki, ya kika ji?" Na ce na ji yunwa, me zan ji. Muka yi dariya, suka naɗe kayansu suka tafi, na manta da su.

Bayan damina suka dawo da farin ƙyalle da injin wuta. Aka ɗaure ƙyallen a bangon lakwal, makarantar boko ta gari, bayan magariba gari ya taru, maza a gefe, mata a gefe. Aka kawo mini kujera, na zauna a kanta don ba yadda zan yi, ƙawata tana can cikin mata a tabarma.

Da farko ihu ne da shewa, kowa na nuna tasa. Sai aka nuno matan wani gari masu fasa tsakuwa, waɗanda suka haɗa kai suka naɗa mai magana da bakinsu, suka zauna da masu sayen tsakuwar har aka sa musu rumfa aka daidaita ma'auni. Wata tsohuwa a cikinsu ta yi bayanin yadda suka fara, a tsanake, kamar mai koya wa amarya miya. Na lura shewa ta ragu a gefen mata. Sannan aka dawo filina. Ga ƙawata a gindin aduwa, ta cika ƙyallen, tana dariya har wushiryarta ta fito, ludayi a hannu. Da ni take dariyar, na ma tuna abin da na faɗa, amma ba a nuno ni ba, hannuna kawai ya shigo ya karɓi ludayin ya fita. Daga nan sai matan da ƙwarya a kife. Daga nan sai fuskata gaban buhuna, ina cewa iska ba tawa ba ce.

Ba su yi mini ƙarya ba. Ni na faɗa, kuma har dariyar da na yi sun bari. Abin da ban taɓa yi ba shi ne ganin maganar da ƙwaryar a jere, ɗaya na bin ɗaya. Su ma matan ba su taɓa gani ba. Kowace ta san ranar da ta koma gida ba komai, amma ta ɗauka ranarta ce ita kaɗai. Ba wanda ya zage ni. Aka watse, mutane suna gaishe ni fiye da kullum, na tafi gida.

Kafin sabon hatsi ya shigo na ji labari a kasuwa cewa masu sussuka na duk filayen gari suna taruwa a gidan wata ungozoma, sun kafa ƙungiya. Ban yi mamaki ba. Da aka ce mini wadda suka zaɓa ta yi magana da bakinsu, nan ma ban yi mamaki ba. Da ni ce su, ita zan zaɓa.

Ranar da aka fara aiki, rana ta take, mai fura ta kawo ta dama. Na je gindin aduwa na zauna. Na ga ƙawata ta jingine taɓarya, ta wanke hannu, ta nufo ni, sai ta tsaya daga bakin inuwa.

"Sannu da hutawa, Hajiya."

Na waiga in ga ko wata ce a bayana. "Wace ce Hajiya? Zauna, nonon yau mai kyau ne."

"Alhamdu lillahi. Na zo da tawa a ƙulle."

"Taki? Wannan gayan da kike damawa da ruwan rijiya? Ke, zauna kada ki ɓata mini rai."

Ta rage murya. "Suna kallo. Jibi za mu zauna da ku a kan lada. Ke kika ce ba a sha sai ciniki ya faɗa."

"Da manoma nake nufi."

"To yanzu ke ce manomin."

Ta juya ta koma cikin mata, suka buɗe mata wuri. Na dubi ƙwaryar, furar mutum biyu ce. Na sha abin da zan iya, na aika wa mai gadi da saura. Ban ji haushinta ba. Ciniki ne, na ce a raina, jibi zai faɗa.

Washegari babbanmu a kasuwar hatsi, wani dattijo mai motoci, ya tare ni a bakin rumfarsa. Ya ce, "Hajiya, wannan fitinar ai a hannunki take. Ba taki ba ce? Ku da kuke ludayi ɗaya. Ki kira ta gida, a yanka kaza, ki ajiye mata turmin atamfa a gefe, magana ta mutu."

Na ce, "Alhaji, da atamfa na sayenta, da na daɗe da saye na kulle a ɗaka. Ka dai shirya bakinka."

A rumfar 'yan hatsi aka zauna, mu a kan benci, su a tabarma, ita a gaba. Ta gaishe da kowa bi da bi, ta tambayi iyali, ba ta yi gaggawa ba.

Alhaji ya ce, "Manyan tele! Yau ina mai kamarar? Ko ba za a ɗauka ba?"

"Yau kai za ka ɗauka, Alhaji, da kunnenka."

Ta faɗi abin da suka zo da shi. A raba lada biyu, na daka daban, na shiƙa daban, wadda ta daka a sallame ta a ranar ko da ganye bai motsa ba. Mai fili ya ajiye ruwan sha. A yi rumfa inda za a kwantar da jarirai.

Wani daga cikinmu ya ce, "Iska dai ta Allah ce, baiwar Allah."

"Ta Allah ce. Kafaɗar ma tasa ce, amma ni ya ba ajiya."

Mazan suka yi ta zagaye, wannan ya kawo tsadar mai, wancan ya kawo harajin hanya. Ba su san aikin ba, ba wanda ya taɓa riƙe taɓarya a cikinsu. Ni na sani, don haka ni na shiga. Na ce in aka biya daka tun ba a ga tsaba ba, mace za ta yi bugu uku ta juye, a bar mini rabin hatsina a jikin zangarniya, wa zai biya ni? Ta ce ƙungiya za ta sa mai dubawa a kowane fili, turmin da bai daku ba a sake shi ba lada. Na ce in haka ne ladan shiƙa sai ya sauka, don shiƙa ba ta kai daka wahala ba, ita ma ta sani. Ta ce, "Tun jiya na san za ki faɗi haka, Hajiya, na kwana da amsarki." Muka ja. Ban sassauta mata ba ko kaɗan. Da na sassauta, da matan da ke bayanta sun gani, kuma da sun ce tsakaninmu ne muka shirya.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na yi abin da nake yi wa manoma: na miƙe, na kakkaɓe zane, na ce to a bar shi, kowa ya kama gabansa. Wasu daga cikin matan suka fara motsi. Ko waiwaya ba ta yi ba, ta ce musu, "Ku zauna. Ba inda za ta, ko takalminta ba ta nema ba." Rumfa ta kwashe da dariya, har Alhaji. Na koma na zauna.

Kafin azahar aka daidaita. An raba ladan, na shiƙa ya ɗan sauka kamar yadda na nema. Ruwa a kanmu. Rumfa kuwa mu ba da itace da zana, su su kafa. Aka shafa fatiha. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar bai jima ba ya sayo injin sussuka daga Damagaram ya sallami matansa, wasunsu suka dawo filina, wasu suka koma jan ruwa. Ni ma na yi tunanin injin. Na bar shi don yana fasa tsaba, masu sayena na Agadas kuma hatsin hannu suke so. Ba zan ce tausayi ne ba.

Kashegarin fatiha na sa aka dama fura ta mutum biyu. Ta zo bakin inuwa kamar wancan karon.

Na ce, "Ciniki ya faɗa."

"Wannan ya faɗa. Yau da safe an kawo mini ƙarar ma'auninki, wai tiyar da ake biyan lada da ita ta fi ta sayen hatsi ƙanƙanta."

"Ƙarya ne, ki zo ki gwada."

"Zan gwada. In na sha furarki na gwada na ce daidai ne, wa zai yarda?"

Ta gwada a gaban kowa, daidai ne. Amma bayan ma'auni sai maganar wadda ta yi ɓari a bakin aiki, bayan ita sai ta mai gadin da ke yi wa 'yan mata maganar banza, na kore shi. Sai na gane cinikin da ta shiga ba irin nawa ba ne. Nawa yana da ƙarshe, a tafa hannu a sha fura. Nata kullum akwai saura.

Haka kakar ta wuce, ta biyu ma ta shigo. Na daina zuwa gindin aduwa, na koma sha a cikin ɗakin buhuna, ƙofa a buɗe don in ga fili. Na gwada kiran wata dillaliyar wake mu riƙa sha tare, mace mai kirki, amma duk abin da na faɗa sai ta ce gaskiya ne Hajiya, ko da na ce jaki ya haihu a sama. Ɗana da ya zo hutu ya sa mini fim ɗin a waya. Ba na kallonsa duka. Na san inda zan taɓa ya kai ni wurin dariyar, in kalla, in mayar baya.

Wata Juma'a bayan la'asar, ba aiki, ina tsakar gida ina tsince wake, sai na ji sallamarta a zaure. Ba ta taka gidana ba tun kafin a kafa ƙungiya. Ta shigo ta zauna a bakin tabarma ba tare da an ce ta zauna ba, ta kira ni da sunana. Na ga ta rame. Mijinta ya rasu da rani, na je gaisuwa cikin jama'a na fito cikin jama'a, hatsin da na aika ma sai da na bi ta hannun limamin unguwarsu don kada a san daga inda ya fito.

Ta ce, "Na gaji. Kowace da matsalarta, kuma duk a kaina. In an samu, ƙungiya ce ta yi. In ba a samu ba, ni ce na ci amana. Jiya wata yarinya da na yi wa wankan jego ta ce mini ai an san ni da Hajiya ba ma rabuwa." Ta yi 'yar dariya. "Ni da ko ƙanshin furarki na manta."

Na ce, "Ai ba ki rasa komai ba, mai furar ta lalace, ruwa take ƙarawa."

"Bayan salla za a sake zaɓe. Na ce bari in zo in ji daga bakinki. In kin ce in sauka, in sauka. In dawo gindin aduwa in ci gaba da zaginki, ko na huta."

Na ci gaba da tsince wake don kada ta ga fuskata. Abin da nake so ke nan, an kawo mini har gida, ba ko taya. Amma na saba duba kaya kafin in karɓa, ko da kyauta ne. Na san wadda za ta hau in ta sauka: ko wata yarinya mai zafin kai da Alhaji zai cinye a zama ɗaya, ko wata 'yar uwar matarsa da ke ta kai da kawo tun bara. Kafin kaka biyu ladan daka ya koma inda ya fito. Wannan ma da sauƙi, ni riba ce a wurina. Abin da na fi dubawa ita ce. Ranar da ta sauka aka gan ta da ludayina a hannu, duk abin da ta yi a shekarun nan ya zama shiri. Ni zan koma ɗakin buhuna in ta tashi, ita kuwa cikinsu za ta koma ta yi daka, da matan da ba za su amsa mata waƙa ba. Na san yadda zama ba abokin magana yake. Ina da bango da ƙofa da zan yi shi a ciki, ita a tsakiyar fili za ta yi nata.

Na ce, "Kada ki sauka."

Ta dube ni. "Kin tabbata? Ba zan sake tambaya ba."

"Na sani. In kika sauka wa zan yi ciniki da shi? Waɗannan ko daɗin cuta ba su da shi."

"Muguwa," ta ce. "Tun kina da hannun lalle na san muguwa ce ke." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce ƙaiƙayi ne. Ranar kuwa ba a yi sussuka ba.

Na tashi na ɗebo ruwa a randa, don ba a shiga gidana a fita ba a sha ruwa ba. Na miƙa mata moɗa. Ta dube ta jim kaɗan, ta ce, "Ruwa dai ba na kowa ba ne," ta miƙe ta sha a tsaye, ta shanye. Na ce ta bari rana ta yi sanyi. Ta ce a'a, gara ta fita da sauran haske, mutane su ga fitarta.

A zaure ta cire mayafinta ta ninke ta ɗora a kafaɗa, yadda duk mai kallo zai ga ba abin da ta rufe. Ta bi tsakiyar hanya, hannuwanta a sake, tana gaishe da matan da ke ƙofar gidajensu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya daga ciki inda ba za a gan ni ba har ta sha kwana wajen famfo.

Bayan salla suka sake zaɓenta. Ranar da aka koma aiki ta aiko mini da wata mata cewa randar ruwan fili ta tsage, kuma ƙungiya ba za ta jira har ranar kasuwa ba. Na aika a gaya mata randa ba ta tsagewa da kanta, su nemo wadda ta buga mata taɓarya. Da yamma na sayi sabuwa.